Yadda Ake Neman Haƙƙi Idan Takalmin Makarantar Yaro Ya Lalace Tun Bai Je Ko'ina Ba

Sati uku da komawa makaranta, 'yata ta shigo gida tana jan ƙafar hagu. Na ɗauka tuntuɓe ta yi. Da na durƙusa na duba, ashe takalmin ne ya wage baki, ƙasansa ya rabu da samansa tun daga kan yatsu har kusan tsakiya, safa ta yi futu-futu da ƙura. Faɗa ne ya fara zo mini baki, kamar yadda yake zo wa kowane mahaifi. Amma da na juya takalmin sai na ga zanen ƙasansa yana nan raɗau, ko gogewa bai fara ba, na ƙafar dama kuwa lafiyarsa ƙalau. A inda ya buɗe, gam ya taru gefe guda ya bushe yana ƙyalli, ɗaya gefen kamar ba a taɓa shafa masa komai ba. Yarinya ba ta da laifi ko kaɗan. Da aibinsa ya fito daga masana'anta.

Abin da yake ci mini rai shi ne saurin da mu iyaye muke yi wajen cewa "ai yara ne, ba sa barin kaya." Da wannan maganar duk mai sayar da kaya marasa ƙwari yake fakewa, kuma mu da bakinmu muke miƙa masa ita. Takalmin makaranta an yi shi ne don yaro ya sa kullum, ya yi tafiya, ya yi guje-guje lokacin tara, ruwa ya taɓa shi. Wanda ya kasa jure wannan na 'yan makonni bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba, kuɗinka kuma ba kyauta ka bayar ba. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: a cire shi a ajiye, kada a kai gyara

Daga ranar da ka ga ɓarakar, yaro ya daina sa shi. Na san da wuya, musamman idan shi ke nan gare shi kuma gobe akwai makaranta. A lallaɓa da tsohon, ko a rubuta wa malamin aji 'yar takarda a nemi uzurin kwana biyu. Duk kwanan da aka ƙara da shi a ƙafa, ƙasa da ruwa suna shiga, ɓarakar tana faɗi, har a kasa gane inda ta faro.

Babban kuskure shi ne a ruga wajen shumeka, ko a ɗiga masa gam mai kamawa nan take. Da zarar hannun wani ya taɓa shi, ka ba mai shago amsar da yake nema: "ai an taɓa shi, ba haka muka sayar ba." Kada a jefa shi a injin wanki, kada a shanya shi kusa da wuta. A goge ƙura da busasshen tsumma, ya wadatar.

Mataki na biyu: aibi ne ko ci ne?

A nan duk maganar take, don haka kada ka yi gaggawa. Babu dokar da ta ce takalmi ba zai tsufa ba. Abin da doka take karewa shi ne aibin da ya zo da kaya, ko da bai bayyana ba sai daga baya. Cinyewar da amfani yake jawowa kuwa naka ne.

Ajiye ƙafa biyun gefe da gefe a wuri mai haske. Yaro da ƙafa biyu yake tafiya, saboda haka idan ɗaya ya tarwatse ɗaya yana kamar sabo, ka sami shaidarka ta farko. Sai ka juya su ka dubi zanen ƙasa. Shi ne yake faɗin yawan tafiyar da takalmi ya yi. Zane mai kaifi a jikin takalmin da ya rabe yana nufin ba tafiya ce ta kashe shi ba.

Yawancin takalman yara na yanzu manne ƙasansu ake yi da gam, ɗinkin da kake gani a gefe ma sau da yawa ado ne kawai. Leƙa cikin inda ya buɗe. Idan gam ɗin ya yi tsalle-tsalle, ko ya saki fes bai kamo ko zare ɗaya daga saman ba, to mannin ne bai kama ba tun farko. Haka ɗinkin da ya warware alhali fatar da ke kewaye da shi ba ta goge ba, da zoben ƙarfen da igiya take bi idan ya fita, da maɗauri ko Velcro (maɗauri mai mannewa) da ya tsinke daga tushe, da dunduniyar da ta rufta ciki, da wani tauri ko tsini a ciki da yake ji wa yaro ciwo. Duk waɗannan aikin masana'anta ne.

Akwai wani aibi da yake ba iyaye mamaki: takalmi sabo fil daga kwali, kwana kaɗan ƙasansa ya fara marmashewa ko ya yi danƙo. Wannan yana faruwa da ƙasan da aka yi da wata roba mai suna foliyuretan, wadda ake taƙaita ta da PU. Idan ta daɗe a ajiye, danshin iska yana karya haɗin sinadarinta a hankali, musamman a wuri mai zafi da laima. Ma'ana takalmin ya tsufa ne a sito tun kafin ya zo hannunka, yaro bai yi masa komai ba.

Dubi kuma 'yar takardar da ake mannawa a ƙasa ko a ciki. Takalman da aka yi don kasuwar Turai suna ɗauke da alamomi na sassa uku: sama, ciki, da ƙasa. Hoton shimfiɗaɗɗiyar fata yana nufin fata ce. Hoton fatar haɗe da siffar lu'ulu'u yana nufin fata ce da aka lulluɓe da wani shafi. Hoton saƙa yadi ne. Lu'ulu'u shi kaɗai kuwa yana nufin wani abu ne daban, galibi roba. Idan an sayar maka a kan cewa fata ce zalla, ga alama ta nuna roba, ga saman yana ɗayewa kamar tsohon fenti, to kana da ƙorafi na biyu: kaya ba su dace da siffar da aka faɗa ba. Wannan ƙorafin ya fi sauƙin tabbatarwa, domin a rubuce yake a jikin takalmin.

Sai kuma ɓangaren da ba ma son ji. Kan yatsun da ya goge saboda yaro yana taka birkin keke da ƙafa, ci ne. Haka wanda aka mayar takalmin ƙwallo. Bayan dunduniyar da ya kwanta saboda yaro yana tura ƙafa ba tare da kwance igiya ba, ci ne. Fatar da ta tsattsage saboda an jiƙa ta an kara ta a wuta, laifin gida ne. Takalmin da ya matse bayan wata huɗu, ƙafa ce ta girma. Ka zaunar da yaron ka tambaye shi cikin lallami, ba da tsawa ba, domin yaron da ya tsorata zai faɗi abin da yake ganin zai cece shi ne. Idan ta tabbata ci ne, ka haƙura ka kai wa shumeka. Kai ƙorafin da ba shi da tushe zalunci ne ga mai shago, kuma shi ne yake sa su ƙi sauraron mai gaskiya gobe.

Mataki na uku: haɗa hujja

Ɗauki hoto da waya: ƙafa biyun tare, zanen ƙasa, wurin da ya lalace daga kusa, da takardar ciki mai lamba da girma. Nemo rasit. Idan ya ɓace kada ka karaya, abin da ake buƙata shaidar ciniki ce, kuma saƙon banki, bayanan asusu, ko saƙon tabbatar da oda duk suna iya zama shaida. Rubuta rana uku a takarda: ranar saye, ranar da aka fara sawa, ranar da aibin ya bayyana. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin da yawa muna saye tun ana hutu, takalmi ya yi wata guda a kwali kafin ya taɓa ƙasa. Agogon doka dai daga ranar da kaya suka zo hannunka yake fara bugawa.

Mataki na huɗu: san abin da dokar ƙasarka ta ba ka

Dokokin ƙasashe sun bambanta a wa'adi, amma gindinsu ɗaya: kaya su kasance masu inganci daidai gwargwado, su yi aikin da aka saye su dominsa, su dace da yadda aka siffanta su. Kuma wanda ya karɓi kuɗinka shi ne yake da alhaki, domin da shi ka ƙulla ciniki.

A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da kaya masu aibi ya karɓi kuɗinsa cif. Bayan kwana 30, mai sayarwa yana da dama sau ɗaya ya gyara ko ya musanya. Idan hakan bai yi ba, mai saye ya zaɓi a rage masa kuɗi ko ya mayar da kayan. Abin da ya fi burge ni a dokar shi ne batun wata shida: idan aibi ya bayyana cikin wata shidan farko kuma ka nemi gyara ko musanya, ana ɗauka da shi kayan suka zo, sai dai mai sayarwa ya kawo hujjar akasin haka. Bayan wata shida nauyin hujja ya dawo kanka. Damar kai ƙara tana nan har shekara 6 a Ingila, 5 a Sikotilan, amma wannan wa'adin shigar da ƙara ne kawai, babu alƙalin da zai ce takalmin yaro ya shekara shida.

A ƙasashen Tarayyar Turai, garantin doka aƙalla shekara 2 ne, kuma tun 2022 nauyin hujja yana kan mai sayarwa na aƙalla shekarar farko. A Afirka ta Kudu, dokar 2008 ta ba da wata 6, kuma mai saye ne yake zaɓa tsakanin gyara, musanya, da karɓar kuɗi. A Najeriya, dokar 2018 da ta kafa hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ba da wata 3 a mayar da kayan da suka gaza inganci. A Ostareliya kuwa, manna takardar "ba a mayar da kuɗi" a shago ma saɓa doka ne, domin tana sa mutane su zaci ba su da haƙƙin da suke da shi.

Shiga shafin hukumar kare masu saye ta ƙasarka a intanet, ka nemo abu biyu kawai: wa'adin mayar da kaya masu aibi, da wanda yake da zaɓi tsakanin gyara da kuɗi. Ka rubuta sunan dokar a takardarka. Ba don ka je ka yi wa kowa lacca ba, sai don idan an ce maka "ba ma yin haka," ka san a kan me kake tsaye.

Mataki na biyar: koma wurin mai sayarwa, da wuri

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Cikin kwana biyu ko uku ka je, da takalmin a kwalinsa idan yana nan, da shaidar ciniki. Zaɓi lokacin da ba cunkoso. Ma'aikacin da ka tarar a kan teburi ba shi ya manna takalmin ba, kuma sau da yawa ba shi da ikon yanke hukunci, don haka ɗaga masa murya ɓata lokaci ne. Ka yi sallama, ka ajiye takalmin, ka ce: "Malam, ranar kaza na sayi wannan a nan. Sati uku yarinya ta sa, ga yadda ƙasan ya rabu, ga zanen ko gogewa bai yi ba. Aibi ne daga masana'anta, ina so a mayar mini da kuɗina." Gajere, da buƙatarka a fili. Kada ka ce "ko akwai abin da za ku iya yi mini?" Mai wannan tambayar alfarma yake roƙo, alfarma kuwa ana iya hana ta.

Akwai amsoshin da kusan ko'ina za ka ji, gara ka shirya musu tun daga gida.

"Wa'adin mayar da kayanmu ya wuce," ko "ba ma karɓar abin da aka riga aka sa." Wannan ƙa'idar shago ce, ta wanda ya canja ra'ayi ko launi bai yi masa ba. Kai aibi ka kawo, kuma ƙa'idar shago ba ta hawa kan doka. Banda haka, ta yaya za a gane mannin takalmi bai kama ba in ba a sa shi ba?

"Sai dai ka tuntuɓi kamfanin da ya yi shi." Ka amsa cikin ladabi cewa da su ka yi ciniki, su ne za su koma wa kamfani. Idan kamfanin yana da nasa garantin, ƙari ne a kan haƙƙinka, kana iya amfani da shi in ka ga ya fi sauƙi, amma ba a tilasta maka.

"Ai a rangwame ka saya." Rangwame ba ya zubar da haƙƙi, sai fa idan an nuna maka wannan aibin takamaimai kafin ka biya kuma saboda shi aka rage kuɗin. Gaskiya ne araha ba ta ado, kuma ba a tsammanin takalmi mai sauƙin kuɗi ya yi ƙarkon mai tsada. Amma ko mai araha ai takalmi aka kira shi, dole ya wuce 'yan makonni.

"Yaron ne ya lalata shi." A nan binciken da ka yi a gida zai yi maka rana. Miƙa masa ɗaya ƙafar, nuna masa zanen, nuna masa gam ɗin. Ranar da na je da na 'yata, haka aka fara ce mini. Ban yi gardama ba, na ce wa matashin ya sa yatsa a cikin ɓarakar ya ji ko akwai gam a gefen sama. Ya sa, ya yi shiru, ya shiga ciki ya kira manaja.

Idan ma'aikaci ya cije, ka nemi ganin babba: "Don Allah a yi mini magana da manaja." Idan sun ce sai an aika takalmin a bincika, wannan ba laifi ba ne, amma kada ka bar shi sai an ba ka takarda mai kwanan wata, da bayanin halin da yake ciki, da ranar da za a ba ka amsa. Hotunanka suna nan a waya ko da takalmin ya yi ɓatan dabo.

Mataki na shida: me za ka karɓa?

A ganina gyara shi ne mafi raunin zaɓi a takalmin yaro. Ƙasan da aka sake mannawa bai cika daɗewa ba, ga kwanakin da za a yi ana jira yaro ba takalmi, ga ƙafa tana girma. Musanya ta fi, amma ka yi tunani kafin ka karɓi irinsa sak, domin idan aibin na rukunin da aka ƙera tare ne, na biyun ma hanyar zai bi. Ka nemi wani samfurin, kuma a sake auna ƙafar yaron. Idan kuɗi ne, a mayar ta hanyar da ka biya. Wasu shaguna suna miƙo takardar madadin kuɗi da ba a kashe ta sai a wurinsu. Inda doka ta ba ka haƙƙin kuɗi, ba dole ne ka karɓi wannan takardar ba.

Idan an yi watanni ana sa takalmin kafin ya lalace, a yi adalci. Wanda ya yi wata bakwai ko takwas a ƙafa ya ci wani abu daga kuɗinsa, kuma dokoki da dama sun yarda a cire ladan amfanin da aka yi. Rabin kuɗi a irin wannan hali ba faɗuwa ba ce.

Mataki na bakwai: idan an ƙi

Koma gida ka rubuta. Wasiƙa ko imel zuwa ga shugabancin shagon, shafi ɗaya: abin da ka saya da rana, aibin da ranar bayyanarsa, wanda ka yi magana da shi da amsar da ya ba ka, sunan dokar, abin da kake nema, da wa'adin kwana 14. Haɗa hotuna da kwafin rasit, asalin ya zauna a hannunka. Kada ka sa zagi ko barazanar da ba za ka aiwatar ba, ka rubuta kamar alƙali ne zai karanta, domin yana iya yiwuwa shi ɗin ne. Idan nauyin hujja ya riga ya dawo kanka, ka kai takalmin wurin gogaggen shumeka ya duba kawai, ba tare da ya taɓa komai ba, ya rubuta maka abin da ya gani.

Idan da katin banki ka biya, tambayi bankinka tsarin janyo kuɗi daga mai sayarwa saboda kaya masu aibi. Katunan Visa da Mastercard suna da shi, kuma wa'adinsa yawanci kwana 120 ne, don haka kada a yi nawa. Bayan wannan sai hukumar kare masu saye, daga nan sai kotun ƙananan ƙararraki inda ake da ita. Ba kowa ne zai kai kotu a kan takalmi ba, ni ma ba zan ce dole ba. Amma ƙorafi ga hukuma ina ganin ya kamata a kai ko da an gaji, domin da irin waɗannan ƙorafe-ƙorafen ake gane samfurin da yake cutar iyaye da yawa. Idan kuma aibin mai haɗari ne, kamar ƙusa da ta huda ƙafa ko ƙaramin ado da ƙanin yaron zai iya haɗiyewa, a sanar da hukuma ko da an biya ka.

Mai son ya rubuta a Facebook ko wani dandali, ya tsaya a kan abin da ya faru da abin da hoto ya nuna.

Idan ta intanet aka saya

A Birtaniya da Tarayyar Turai akwai ƙarin kwana 14 daga isowar kaya da za ka iya fasa cinikin ko babu aibi, muddin gwadawa kawai aka yi ba a fita da shi ba. Idan aibi ne, kuɗin aikawa ba naka ba ne. A manyan dandalin ciniki, duba sunan ainihin mai sayarwa a kan odar, kuma duk magana ka yi ta cikin manhajar don ta zama a rubuce. Wanda ya saya daga hannun wani mutum da ba ɗan kasuwa ba, kariyarsa ta fi ƙaranci, galibi ba ta wuce cewa kaya su dace da yadda aka siffanta su ba.

Ranar da aka musanya wa 'yata nata, ban bar shagon ba sai da na lanƙwasa sabon a daidai inda yatsu suke lanƙwasawa na ga ko gefen zai buɗe, na matsa bayan dunduniya na ji ko yana da ƙarfi, na zura hannu ciki har ƙarshe ina laluben tsini, na ja maɗaurin. Ta sa duka biyun da safar makaranta, ta miƙe tsaye, na danna gaba na tabbatar akwai sarari kamar faɗin babban yatsa. Na nemi sabon rasit mai kwanan watan ranar, na ɗauke shi hoto nan take saboda rubutun irin waɗannan takardu yana dusashewa, na ninke shi na jefa cikin kwalin. Da muka koma gida ta yini biyu tana yawo da shi a ɗaki kafin na bari ya taka waje.